Hoton Malam Bukar da Giwan Ruwa

Assalamu alaikum, mai karanta mana wasiƙu. Allah ya ƙara basira.

Bara, ranar gasar kamun kifi ta ƙungiyar masuntan Auyo, na je da akwatin ɗaukar hoto, wanda na koyi sarrafa shi daga wata 'yar ƙasida. Na nemi izinin Sarkin Ruwa, na zaci izininsa ya wadatar wa kowa. Sai na ɗauki aminina Malam Bukar yana fitowa daga ruwa rungume da giwan ruwa, daga shi sai bante. Na liƙa hoton a ƙofar shagona, har mijin 'yarsa ya gani.

Malam Bukar ya zo ya ce, "Garba, ruwa ya suturta ni shekara arba'in, kai ka tsiraita ni a kasuwa. Ka tambaye ni?" Na cire hoton nan take, amma bai ƙara zama a tabarmata ba. Da damina ya rasu, ban sami gafararsa ba.

Yanzu 'yarsa tana roƙona hoton, domin ba shi da wani hoton a duniya. Jama'a, ku ba ni shawara: in ba ta, ko in ƙona? Mai haƙƙin yana ƙasa.

Garba Maɗinki, Haɗejiya.