Yadda Ubangiji Ya Shigar da Ni Ɗakin Haihuwa da Furfurata

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, 'yan'uwana na zumuntar Hausa ta Greensboro. Wanda bai san ni ba, to bai taɓa tsayawa cin abincin bayan sujada ba. Ni ne Ishaya, mai tumbin nan da ke riga shi shiga coci, mijin Rifkatu wadda kuka fi sani da Maman Alheri. Fasto ya ce in rubuta shaidata a takardar zumunta maimakon in tsaya a gaba, wai in ya ba ni makirfo sai an kunna fitilun titi ban gama gaisuwa ba. Na yafe masa.

A gida Najeriya na yi fiye da shekara ashirin ina aikin nas a wani babban asibiti a Filato, sashen hatsari da ɗakin tiyata. Kawunan direbobin da na ɗinke, in aka jera su za su kai daga Jos zuwa Bauchi. Jini bai taɓa ɗaga mini hankali ba. Ina iya ɗaure karaya da hannun dama ina cin ƙosai da hagu.

Da muka zo ƙasar nan, na ɗauka washegari za a miƙo mini farar riga. Ashe nan kowace jiha da hukumarta ta nas-nas, kuma in ba ta ba ka lasin ba, ko maganin ciwon kai ba ka isa ka miƙa wa majinyaci ba. Suka ce makarantata ta aiko da takarduna da kanta. Suka ɗauki zanen yatsuna kamar na saci akuya. Suka sa na zauna jarrabawar Turanci, ni da nake fassara wa mai wa'azi tun ina saurayi! Na yi duka. Kafin a gama, na kama aikin mataimakin nas a wani gidan tsofaffi can wajen McLeansville. Ɗaga wannan, juya wancan, wanke wancan. Bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Da shiru ya yi yawa sai na buga wa hukumar waya. Wata mata ta ce, “Mista Ishaya, karatunka ya cika ko'ina sai wuri ɗaya. Ba ka yi sashen haihuwa ba.”

Na ce, “Madam, ni namiji ne.”

Ta ce, “Na ji muryarka. Dokar jiha ba ta raba nas namiji da nas mace. Sai ka cike wannan sashe kafin mu bar ka ka zauna jarrabawar lasin.”

'Yan'uwa, ku da kuka taso a gida kun san yadda abin yake. A makarantarmu, in aka zo wannan darasi, 'yan mata su wuce ɗakin haihuwa, mu maza a tura mu ɗakin maza masu ciwon mafitsara. Ba wanda ya ga giɓi a nan. Namiji ya shiga inda mace take naƙuda? Ai ko ƙofar ma da sauri muke wuce ta, ido a ƙasa.

Haka na shiga wani kwas a kwalejin gari tare da yara sa'annin 'yata Alheri. Ranar farko suka gaishe ni da ladabi, sun ɗauka ni ne malamin. Karatun aji bai ba ni wahala ba. Wahalar tana asibiti. Malamarmu, Misis Karol, wata doguwar baƙar Ba'amurkiya mai fara'a, ta gaya mana tun farko cewa ba za ta sa wa kowa hannu ba sai ya kula da mace mai naƙuda har ta haihu, ya kuma karɓi jaririn. In zangon ya ƙare ban yi ba, sai in jira wata shekara. Sakamakon Turancina kuma yana da wa'adi, kafin lokacin ya mutu, in koma farko. Bayana kuwa ya riga ya gaya mini ba zai kai ba.

A nan dole sai an tambayi mai naƙuda ko ta yarda ɗalibi ya shigo. Misis Karol ta shiga, ta ce akwai ɗalibi namiji, ta fito tana girgiza kai. Wata ma ta ce ta yarda, da ta leƙo ta gan ni da furfura da tumbi sai ta ce ta fasa, wai na yi kama da surukinta. 'Yan matan ajinmu suna ta gamawa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na san kowane tayil na barandar nan da sunansa. Na naɗe zanuwa, na kai ƙanƙara, na nuna wa mazaje hanyar bayan gida.

Hankalina ya ƙi kwanciya. A gida ba na iya zama. In tashi daga kujera in je taga, in dawo in buɗe firji, in rufe, in fita in zagaya gidajen unguwarmu a East Greensboro har karnukan maƙwabta suka daina yi mini haushi, sun ɗauka ma'aikaci ne. Tuwo ya daina shiga. Ni! Alheri ta ce, “Daddy, you're making me dizzy,” wai ina sa ta jiri. A coci kuna gani ina ba ku dariya, ba wanda ya san halin da nake ciki.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Duk lokacin da Misis Karol ta fito tana girgiza kai, fuskata takan nuna baƙin ciki, amma can ƙasan zuciyata sai in ji sanyi. Da safe ina addu'a, “Ya Ubangiji, ka buɗe mini ƙofa.” Ina isa barandar sai wata ƙaramar murya a cikina ta ce, “Amma ba yau ba.”

Maman Alheri ce ta kama ni. Ana saura mako guda zangon ya ƙare, na dawo ina cewa, “Yau ma sun ƙi.”

Ta ajiye muciya ta dube ni. “Baban Alheri, ka ce sun ƙi, amma ga ka kana murmushi.”

“Ni? Gajiya ce.”

“Gajiya! Haihuwa biyar na yi maka. Kowace, ka kai ni ƙofa ka ce za ka je sayo sabulu. Sabulun nan sai an yanke cibiya yake samuwa. Kai ba matan ne suka ƙi ka ba, kai ne kake roƙon su ƙi.”

Na buɗe baki in yi barkwanci, babu abin da ya fito. Wannan kaɗai ya isa a rubuta shi cikin al'ajibai.

Washegari na isa asibiti, na kashe mota, na kasa fita. Na kifa kaina a kan sitiyari na ce, “Ya Uba, na gaji da yi maka addu'a biyu. Kunya nake ji, tsoro nake ji. In kana so in yi aikin nan a ƙasar nan, ka cire mini wannan abu, don ni na kasa. In ka buɗe ƙofa yau zan shiga, ko da guiwa ne.” Na yi kuka har gilashin mota ya yi hazo. Wani mai gadi ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko matata ce ke ciki. Na ce a'a, ni ne.

Wajen hantsi ina naɗe zanuwana sai ga Misis Karol da sauri. “Ishaya, wane yare ka ce kana ji?”

“Hausa.”

“Biyo ni.”

Tana tafiya tana gaya mini. An kawo wata yarinya 'yar Nijar, haihuwar fari, mijinta direban babbar mota ne yana wata jiha mai nisa. An samo mai fassarar Faransanci ta waya, yarinyar ba ta ji. Bugun zuciyar jaririn yana sauka, suna so su sa mata abin shaƙar iska ta kuma kwanta ta gefen hagu, ita kuwa tana fizge shi tana kuka. Yarinyar ta ba ni izinin ba da labarin nan, amma ba zan kama sunanta ba.

'Yan'uwa, na roƙi ƙofa, amma ban roƙi wannan ba! Da Baturiya ce, in mun rabu mun rabu. Wannan tamu ce. Gobe zan iya haɗuwa da mijinta a shagon nama.

A bakin ƙofa na tarar da wata Hajiya, maƙwabciyarta da ta kawo ta, ta tare hanya da jikinta gaba ɗaya. Na ce, “Sannu Hajiya, ya mai jiki?”

Ta zaro ido. “Kai Bahaushe ne? To in kai ɗan mutunci ne, me ya kawo ka matanite, ɗakin haihuwa, da gemunka? Lokotoro ne kai?”

“A'a Hajiya, ni ba likita ba ne, ɗalibi ne.”

“Ɗalibi! Da wannan furfurar? Koma wajen maza, Malam. Ba a haka.”

Wallahi na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ƙafata ta riga ta juya. Sai muka ji murya daga ciki: “Hajiya, wa ke Hausa? Ki bar shi! Ki bar shi ya gaya mini abin da za su yi mini!”

Na shiga da baya. Da baya, 'yan'uwa, kamar mai ajiye tirela. Na tsaya wajen kanta, fuskata ga bango, ina kallon agogo. Na ce, “'Yata, me ke ba ki tsoro?”

Ta ce, “Baba, so suke su sumar da ni su yanka ni, maigidana ba ya nan.”

Na ce, “Ba maganin barci ba ne. Iska ce kawai, don yaron ya samu numfashi. Ba wanda zai taɓa ki da wuƙa ba ki sani ba. In za a yi wani abu, ni zan fara gaya miki. Kwanta ta hagu, ki ja iskar a hankali.”

Ta yarda aka sa mata. Ta juya. Na'urar da ke jin zuciyar jaririn, wadda take ta jan ƙafa, ta fara bugawa da sauri kamar kalangu. Na ji nas ɗin ɗakin ta sauke ajiyar zuciya. Haleluya!

Haka muka ci gaba. Likita ta faɗa, in juya wa bango da Hausa. Hajiya tana riƙe da hannunta tana addu'arta, ni ina tawa a ciki, tana hararata tsakanin kowace addu'a. Da lokaci ya yi aka ce ta yi nishi. Na daka wa agogo tsawa, “Yi nishi! Yi nishi!”

Sai yarinyar ta ce, “Baba, ba na jin ka. Da wa kake magana? Juyo!”

Misis Karol ta taɓa kafaɗata ta ce a hankali, “Majinyaciyarka tana bayanka, Ishaya.”

Na juyo. Ban san yadda zan bayyana muku ba. Ina jiran ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Abin da na gani yarinya ce sa'ar Alheri, gumi ya jiƙa ta, tana wahala, ba uwa ba miji kusa, tana neman fuskar da za ta kalla. Kunyar da na ɗauko tun daga Filato ta sauka kamar an sauke mini buhu. Na ce, “Ga ni, 'yata. Kalle ni. Ja numfashi. Yanzu, yi nishi!”

Hajiya ta ce, “Ƙara murya mana, Malam! Duk tumbin nan na banza ne?”

Na ƙara. Ina jin har McLeansville an ji ni, wata ma a ɗakin gaba ta haihu da umarnina.

Namiji ne! Ya fito yana tsala ihu kamar an ƙwace masa gado. Aka miƙo mini shi cikin tawul, na goge shi, na auna, na sa masa 'yar hula. Na kai wa uwarsa na ce, “Barka, 'yata.” Ta ce, “Na gode, Baba.” Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To, ba laifi. Yanzu fita.”

Misis Karol ta sa mini hannu a ranar. Da mako ya zagayo, muna zaune a gida aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mijin yarinyar ne, ya dawo daga tafiya, da ƙatuwar leda a hannu. Ya kalli ƙasa, na kalli ƙasa. Ya ce, “Baba, an yi suna. Hajiya ta ce a kawo wa ungozoma kasonta.” Naman rago ne. Maman Alheri ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Bayan 'yan watanni na zauna jarrabawar lasin, na ci. Alheri ce ta duba mini a kwamfuta, ta ga sunana cikin nas-nas na jihar nan, ta yi ihu da Hausa, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar firamare. Yanzu ina aiki a sashen gaggawa, bayana ya huta, tuwo ya dawo da ƙarfinsa. Ban sake shiga ɗakin haihuwa ba, kuma ku shaida ban roƙa ba.

Godiya ta tabbata ga Yesu da ya ji ni cikin motar nan, ya kuma ƙi sauraron ɗaya addu'ar tawa. Na san akwai masu jiran hukuma a cikinmu, masu jiran jarrabawa, masu ɗaga tsofaffi da takardun digiri a akwati. Kada ku karaya. Amma ku duba zuciyarku da kyau, ko akwai abin da kuke roƙo da baki kuna gudunsa a ciki. Ku faɗa masa gaskiya yadda take, ku dogara gare shi, in ya buɗe ku shiga. Ni da baya na shiga, ya kuma karɓe ni haka. Ubangiji ya albarkace ku duka. Amin.