Mai Wankin Gyambo na Wurno

A gindin durumin ƙofar ɗakin shan magani a Wurno, Lawwali, manomin albasa daga Rara, ya zauna kusa da wani tsoho da bai sani ba. Gyambon ƙafar Lawwali ya hana shi dashe.

"Baba, ni baƙo na. An ce malamai biyu ka aiki nan. Wa zan nema?"

"Malam Mu'azu. Zariya ya yi karatu. Likita Bature in ya zo daga Sakkwato shina yaba aikinai."

"To Malam Sale hwa? Garinmu shi aka zance."

"Mi sunka ce?"

"Wai ran da babu aiki shina hawan keke har ƙauye shi wanke ma mutane rauni, ba wanda ya aike shi."

"Hakanan na. Sai dai abin da Mu'azu ka ganewa da kallo guda, Sale sai ya koma sau ukku."

"Ashe bai iya ba?"

Tsoho ya gyara zama. "Wa ya ce bai iya ba? Abin da ya shige mai duhu shina tambayar Mu'azu, shi koma. Gonatai dai ciyawa ta canye, ni ka noma ta da tsuhwana."

Lawwali ya dube shi. "Baba, mi ke tsakaninku da Sale?"

"Ɗana na. Faɗa na zo yi mai." Ya kalli ƙafar Lawwali. "Kai dai bari Mu'azu shi duba, Sale shi ɗaure."