Rigimar Gadon Sarkinmu a Guangzhou

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sabi'u, ina sayen yadi a Guangzhou ta ƙasar Sin.

Alhaji Mamman, dattijon da mu baƙin 'yan kasuwa a nan muke kira Sarki, ya rasu wata uku da suka wuce. Shi ke sasanta mu, shi ke tsaya wa wanda ya shiga matsala. Bayan sadakar bakwai, ɗansa Nasiru ya ce sarauta gado ce. Isufu, mutumin Maraɗi, ya ce, "Malam Nasiru, nan ba fada ba ce. A kaɗa ƙuri'a." Tun ranar muka rabu biyu, ko abinci ba ma ci tare. Har laoban, wato mai shagon da nake sayayya, ya ce mini su tun zamanin kakansa suka sallami sarki.

Makon jiya Baba Tanko ɗan Kumasi ya kwanta asibiti. Kwana huɗu ba wanda ya leƙa shi, kowa na jiran shugaba ya ba da umarni. Da na je, sai ya ce, "Ɗana, ruwa kawai nake so."

Wallahi na gaji. Masu sauraro, ku ba mu shawara kafin mu rasa wani.