Mutum Biyu da Suka San Falalu

Muna jiran bas ɗin Birmingham a tashar Manchester, wani mutum ya ji dattijon da ke kusa da ni yana waya da Hausa. Ya matso.

"Baba, sannu. Sunana Falalu. Alfarma nake nema."

"Ni kuma Gamaliel. Ina jin ka."

"Bindiga zan je dubawa a Birmingham, ina so in saya. Mai tsada ce, ita take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi."

"Bindiga, a ƙasar nan? Wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa. Takarda muke harbi a kulob. An yarda da mai ƙaramin harsashi in kana da lasisi."

"Me takardar ta yi muku?"

"Wasa ne, Baba. Tun da kansil ta sallame mu daga aiki, can kaɗai nake zuwa. To 'yan sanda suna son mutum biyu da suka san ni shekara biyu su tsaya mini."

"Ni yanzu na fara ganin ka."

"Sai ka ce musu mun daɗe da sanin juna."

"In yi wa 'yan sanda ƙarya a kan bindiga? Shekararka nawa a garin nan?"

"Tara."

"Tara, ka rasa mutum biyu? Maƙwabta fa? Masallaci fa?"

"Muna dai gaisawa."

Dattijon ya daɗe yana kallon sa.

"Har yanzu ban gane zancen bindigar nan ba. Amma a unguwar Gorton nake, nan Manchester. Matata tana tuƙa tuwo duk Lahadi bayan coci. Ka riƙa zuwa."

"Za ka tsaya mini ke nan?"

"In shekara biyu ta cika kana son abin, ka tambaye ni."

Falalu ya sosa kai.

"Ƙarfe nawa ake sauke tuwon?"