Madubin Motar Marigayi

A kasuwar tsofaffin kayan mota ta bayan garin Växjö, Torsten, wani dattijo mai harhaɗa tsohuwar Volvo, ya ɗauki madubin gefe yana jujjuyawa.

"Na asali ne?" ya tambayi mai teburin.

"Duba lambar kamfani a gindinsa, malam. Jabu ba shi da ita."

"Yanzu har lambar bugawa suke yi."

"To dubi inda ya lotsa. Sabo ba ya zuwa da wannan."

Torsten ya shafa wurin da babban yatsa. "Ƙofar gareji ce ta yi wannan. Fentin motar kore ne?"

"Kore ne. Wata mata ce ta sayar mini. Ta ce ta mijinta ce, ya rasu."

"Ban rasu ba. Rabuwa muka yi, ta riƙe gidan da garejin."

"Ita dai haka ta ce."

"Ta yi kuka?"

"Da ta ji abin da zan biya, ta ɗan yi."

"Ina sauran motar?"

"Ga ta nan gabanka, tebur uku. Injin ne kawai ya tafi Norway."

Torsten ya bi teburan da kallo. "Kana da manyan kwalaye?"