Da Na Saurari Rabi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaida masu sauraro daga Birchi.

'Yata Rabi ta koyi agajin gaggawa a sakandare a Dutsin-Ma. Ranar da ƙanena ya faɗo daga kan rumbu, ta ce kada a ɗaga shi sai an tallafe wuyansa. Na daka mata tsawa, na ce manya na wurin. Muka cicciɓe shi muka cusa a mota. Likita ya ce ɗaukar nan ce ta ƙarasa lakarsa. Har yau bai taka ba, kuma Rabi ce ke koya mana juya shi a shimfiɗa.

Wannan aikin na agajin gaggawa take so bayan sakandare. Don Allah jama'a, ina ake karantarsa? Ni da kaina zan kai ta.