Mun Ɗauka Kunyar Ɗan Fari Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ce Talatu daga Samaru.

Sai ranar sadakar bakwai ta ƙanwata Hadiza na gane ciwo ne ya kashe ta. Wata nas daga Sabon Gari ta zo gaisuwa, ta ce mini, "Yaya, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani."

Da Hadiza ta haifi ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa, ba ta kallonsa. Mu kuwa sai yabo. Ni da bakina na ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" Duk zuwanmu asibitin unguwa jaririn ake aunawa, ba wanda ya tambaye ta lafiyarta. Likitan ƙwaƙwalwa yana babban asibiti, masu hali da 'yan boko suka san hanyarsa. Kafin arba'in aka tsamo gawarta a rijiyar gida.

Malam, na kasa haɗa ido da mahaifiyarmu. Wa za mu roƙa a riƙa tambayar masu jego halin da suke ciki? Jiya na kai yaron awo, benci cike da iyaye mata. Har yanzu ba a tambayar ko ɗaya.